Yadda Na Je Ingila Neman Kakana Ɗan'ali

Tun da na dawo daga Ingila ba a bar ni na huta ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a kasuwar Bukuru, tambayar ɗaya ce: Malama Asabe, kin samo dangin naku Turawa? In na ce na samo, sai a ce to ina kakan. In na ce ban samo ba, sai a ce to me na je yi. Gaskiyar magana ni kaina ban gama sanin amsar ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya kasance tun daga farko, kowa ya karanta ya fahimci abin da zai iya fahimta.

Duk wanda ya san mahaifiyata, Inna Lami, ya san ba a banza ake ce mata Baturiya ba. Mahaifinta Bature ne, cikin waɗanda suka zo haƙar kuza a zamanin da. Kakata kuwa abinci take sayarwa a barikin leburori. Abin da muka sani game da shi kaɗan ne ƙwarai: dogo ne, inji ya cire masa yatsa ɗaya a hannun hagu, kuma leburori suna kiransa Ɗan'ali. Ya tafi Inna tana goye, bai sake dawowa ba. Daga baya kakata ta yi aure, mijin ya riƙe Inna kamar 'yar cikinsa, kuma har kakar tawa ta rasu ba ta son a ɗauko mata maganar.

Mu ma mun bar ta, sai da 'yata Nafisa, wadda ke digiri na biyu a Manchester, ta zo hutu da wata 'yar kwalba ta ce Inna ta tofa miyau a ciki. Inna ta ƙi da farko, ta ce ita ba ta ba boka miyanta ba balle Bature. Da ƙyar jikar ta lallashe ta. Bayan wasu watanni Nafisa ta bugo waya tana cewa gwajin ya nuna rabin jinin Inna na mutanen Ireland ne, kuma akwai wani mutum a Birmingham mai suna Brendan Donnelly da jininsu ya haɗu sosai, har ya amsa saƙonta. Ta ce, "Mama, ki faɗi Donnelly da sauri ki ji." Na faɗa. Sai na ji Ɗan'ali ya fito daga bakina. Na zauna a bakin gado.

Da safen da zan tafi na shiga yi wa Inna sallama. Idonta ya yi rauni, sai da ta laluba ta kamo hannuna. Ta ce, "Ba gadon kowa nake nema ba, kar ki bari su ɗauka haka. Sunansa na gaskiya nake so in ji. Sannan ki tambayo min ko ya taɓa gaya wa wani cewa ya bar 'ya a nan." Na ce in sha Allahu, kamar abin aiken kasuwa ne.

Hanyar Jos zuwa Abuja ba sai na ba ku labarinta ba, kun san ramukan kun san shingayen. Jirgi ma ba wani abu, ban da sanyin da ya sa na naɗe da bargo biyu, da kuma saukar da muka yi a wata ƙasa don canza jirgi, inda na bi wasu mata masu lulluɓi ina zaton hanyarmu ɗaya, ashe su Jidda za su. Wani ma'aikaci ne ya dubi tikitina ya juyo da ni.

Rikicin gaske a Manchester ya fara. Jami'in da ke duba fasfo ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Nafisa ta riga ta ja min kunne cewa in ce ziyarar 'yata kawai, amma ni malamar makaranta ce, bakina ya saba da cikakkiyar amsa. Na ce na zo ganin 'yata, kuma ina neman kakana. Ya ce ina adireshin kakan. Na ce ai ya rasu. Ya yi min ta'aziyya, ya ce yaushe za a yi jana'izar. Na ce ban san lokacin da ya rasu ba. Ya ce to ya sunansa. Na ce abin da na zo nema ke nan. Mutumin ya ajiye fasfona ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya tambaya a hankali ko ina da tikitin komawa. Na nuna masa. Ya bar ni na wuce yana girgiza kai.

Ban yi nisa ba wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina kamar an aiko shi. Aka buɗe, aka fito da kilishin da na sayo wa Nafisa da wanda na ware wa dangin da ban sani ba tukuna. Suka ce nama ba ya shiga ƙasar. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji aka bar min bayan an sunsuna, an yi atishawa. Daddawa ce ta fi ba su wuya, sai da na yi bayani kamar ina gaban 'yan aji uku.

Masaukina ɗakin Nafisa ne a Fallowfield, a wani gida da ɗalibai suka haɗu suka kama. Ni da na ji ana cewa tana zaune a Ingila na ɗauka wani abu ne. Ɗakin bai kai kicin ɗina ba. In na shimfiɗa sallaya sai ita ta hau gado ta naɗe ƙafa. Firij ɗaya ne ga kowa, kowane ɗalibi da layinsa da sunansa a manne. Ranar farko na dafa shinkafa da miya da yawa, na ɗiba wa kowa na ƙwanƙwasa ƙofofi, yadda za ka yi in ka sauka a gidan mutane. Wata yarinya ta karɓa tana ta godiya, ta tambayi Nafisa a ɓoye ko bikin haihuwata ake yi. Wani saurayi kuma ya ce ba ya cin nama, ba ya cin mai, ba ya cin wani abu da ban gane ba. A wajen soya albasar ma wata na'ura da ke jikin rufi ta ɗauki kuka, duk gidan aka fito tsakar titi ana kallona da ludayi a hannu.

Shirina shi ne mu ga Brendan, sannan mu hau mota mu je Ireland ɗin, in ga garin, in tambayi tsofaffi, kamar yadda za ka je ƙauye ka nemi gidan mai unguwa. Nafisa ta ce, "Mama, it's not that simple, bizarki ba ta kai can ba." Wai Ireland biyu ce a tsibiri ɗaya. Ɗaya tana cikin ƙasar da nake, zan iya zuwa. Ɗayar ƙasa ce mai zaman kanta, sai da wata biza. Na ce to tamu wace ce? Ta ce shi ma Brendan bai tabbata ba, don sunan ƙauyen da ya ji a bakin iyayensa akwai shi a wurare da dama, wasu a wannan ɓangaren wasu a wancan. Tun daga nan kaina ya fara ɗaurewa.

Brendan ya ce sai ƙarshen mako zai samu sarari, don haka muka yi ta yawo kafin nan. Nafisa ta kai ni Cheetham Hill sayen kayan miya. Unguwa ce ta manyan shagunan sari, kowane irin mutum akwai, kowane yare kana ji. A wani ɗan gidan abinci na ji wata mata tana faɗa da mai kawo mata kaya da Hausa. Na yi sallama da murnata. Sunanta Hajiya Fati, mutuniyar Kumasi. Ta dube ni ta ce, "Kai daga ina?" Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, babu kowa. Nafisa ta raɗa min cewa haka Hausarsu take, mace ma kai ce. Muka ci tuwo da miyar ganye mai daɗi, na ba ta labarina. Ita ce ta ce maƙwabcinta ɗan Ireland ne, kuma suna da wani zaure da suke taruwa, inda tsofaffinsu ke taimaka wa masu neman asali.

Washegari muka je. Zauren kamar ɗakin taron coci yake, da tebura da butocin shayi. Ina tsammanin za a yi ta kallonmu, baƙaƙe biyu da hijabi. Ba wanda ya damu. Wata tsohuwa ta tura min kofin shayi da wani burodi mai nauyi kafin ma ta ji abin da ya kawo mu. Aka haɗa mu da wani dattijo mai suna Tom, mai fara'a, mai saurin magana. Ni da nake koyar da Turanci shekara da shekaru, rabin abin da yake faɗa wucewa yake yi ta saman kaina, sai Nafisa ta maimaita min da Turancin da na sani.

Tom ya tambayi sunan farko na kakana, ban sani ba. Ya tambayi lardinsu, ban sani ba. Cocin da aka yi masa baftisma, shekarar haihuwa, sunan uwarsa, duk ban sani ba. Na gaya masa abin da na sani: dogo ne, ba shi da yatsa ɗaya. Ya yi dariya har da share ido, ya ce in na yi haƙuri, rabin mazan ƙauyensu haka suke.

Daga nan ya yi min bayanin da ya ƙara rikita ni. Wai takardun ƙidayar mutanensu da yawa sun ƙone a wata gobara lokacin yaƙin basasarsu, tuntuni. Waɗanda suka rage na coci ne, wasu sun jiƙe, wasu ba a taɓa rubuta su ba. Sunan ma ba tabbas, domin mutanen da ba su iya rubutu ba, yadda magatakarda ya ji haka yake rubutawa, sai ka ga 'yan uwa ciki ɗaya kowa da irin rubutun sunansa. Shekaru kuwa kowa ragewa yake ko ya ƙara gwargwadon aikin da yake nema. Na ce masa ai na ɗauka mu kaɗai ke yin haka. Na taso ina jin cewa Bature ba ya ɓatar da takarda, komai nasa a rubuce yake. Ga shi na ƙetaro teku na tarar da mutanen da su ma sai dai su ce an haifi wane shekarar da saniyar gidan ta mutu. Tom ya ce mu riƙe tsofaffi masu rai da kyau, sun fi duk abin da zai iya nemo mana a kwamfuta.

Ranar Asabar muka hau doguwar bas zuwa Birmingham. Ba kwandasta, ba mai tallan gyaɗa, ba wanda ya ce wa na kusa da shi sannu. Na gaishe da matar da ke gefena, ta amsa a tsorace ta matsar da jakarta. Ga hanya sumul amma cunkoso ya fi na Mararraba. Na yi barci na farka muna wuri ɗaya.

Brendan yana jiranmu a tasha, jajir da shi, ƙato, mai kimanin shekaruna. Tsohon direban bas ne. Yana hango mu ya buɗe hannuwa ya nufo ni, ni kuma na ja baya na dafe ƙirji na rusuna. Ya tsaya da hannuwa a sama bai san inda zai kai su ba, ƙarshe ya rungumi jakata. A motarsa akwai kare a kujerar gaba, da bel ɗinsa a ɗaure. Nafisa ta yi masa bayani, ya ba da haƙuri, ya mayar da karen can baya, inda ya yi ta huci a ƙeyata har muka isa.

Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Ya zaga gari ya nemo kazar halal saboda mu, ya sayi sabuwar tukunya don kar a ce an taɓa dafa naman alade a ciki. Sai dai kazar da dankalin da kabejin duk a ruwa aka dafa su, gishiri ma sai ka sa da kanka. Na daure na ci loma biyu, sannan na zaro ƙullin yajina daga jaka. Ya ce zai ɗanɗana. Ya ɗanɗana, fuskar da ke ja ta ƙara ja, ya sha ruwa kofi biyu yana cewa yana da daɗi.

A kan teburin ya gaya mana iyakar saninsa. Kakansa manomi ne da bai taɓa barin ƙauye ba, saboda haka ba shi ba ne. Amma kakan yana da ƙanne biyu maza da aka ce sun tafi Afirka aikin ma'adinai. Na ce Afirka ina? Ya ce Afirka dai. Mai iya sani ita ce gwaggonsa Nora, ƙanwar babansa, wadda ta haura tamanin, tana gidan kula da tsofaffi a Selly Oak. Ya gargaɗe mu cewa wata rana tana tuna komai, wata rana kuma sai ta ɗauke shi a matsayin babansa.

Gidan tsaf yake, da furanni da talabijin, amma shiru kamar asibiti. Muka same ta a kujera kusa da taga, 'yar ƙarama, gashi fari fat. Ina ganinta na tsaya cak, don yadda ta karkatar da kai tana sauraren shigowarmu, haka Inna ke yi. Ko kuwa duk tsofaffin da idonsu ya raunana haka suke yi, ban sani ba. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Nan take ma'aikaciya ta rugo ta riƙe ni tana tambaya ko jiri ne ya ɗebe ni, wata ta tafi ɗauko ruwa. Sai da Nafisa ta ce gaisuwa ce. Nora ta yi dariya, ta ce rabon da wani ya durƙusa mata tun ranar da mijinta ya nemi aurenta.

Mun yi sa'a, ranar tunawa ce. Ta ce ƙannen babanta biyu ne, ɗaya Patrick Joseph, ɗaya Joseph Patrick. Na ɗauka ban ji daidai ba, na sa aka maimaita. Haka ne. Wai sunayen kakanni ne, kuma kowane ɗa sai an ba shi. A gida ba a kiran ko ɗaya da sunansa, ɗaya Babban Pat, ɗayan kuma wani laƙabi. Dukansu dogaye ne, dukansu sun je Afirka, tare ko ɗaya bayan ɗaya, ba ta tuna ba. Ɗaya ya dawo ya zauna a gidan Nora na aure a Birmingham yana aikin gini har ya mutu bai yi aure ba. Ɗayan ya wuce Ostareliya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na tambayi maganar yatsa. Ta ce tabbas akwai wanda ba shi da yatsa. Can kuma ta ce ko kuwa na ƙafa ne. Brendan ya ɗauko wani tsohon hoto daga kan durowarta, samari biyu da huluna a gaban wani bango. Na karɓa na kai shi kusa da taga. Ɗaya ya zuba hannuwansa a aljihu. Ɗayan ya goya nasa a baya.

Ina cikin kallon hoton Nora ta ce akwai wata kalma da baffan nata na Birmingham yake faɗa in yaro ya faɗi ko ya ƙone, kalmar can Afirka. Ta lumshe ido tana nema, sannan ta ce, "Sanu. Sanu, sanu." Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Nafisa ta kama hannuna. Na ce shi ne, wallahi shi ne, ai sannu yake cewa.

Brendan ya yi gyaran murya. Ya ce ba ya son ya ɓata mana rai, amma laƙabin da ake kiran ɗaya baffan da shi Sonny ne, kuma gwaggon takan haɗa abubuwa. Aka tambaye ta: faɗa yake yi, ko kiransa ake yi da shi? Ta ce duka biyun. Aka ce wanne daga cikinsu? Ta ce Pat mana. Na rasa ko in ci gaba da kukan ko in share hawayena.

Duk da haka na yi tambayar da aka aiko ni. Na matso kusa na ce mata mahaifiyata tana so ta san ko ya taɓa cewa ya bar 'ya a can. Ta dafa hannuna. Sannan ta ce, "'Yata, mazan wancan lokacin ba sa faɗa, mu kuma ba ma tambaya." Ta ce abin da take tunawa shi ne baffan na Birmingham ba ya wuce yaran baƙaƙen da ke layinsu bai ba su alewa ba. Brendan ya ce a hankali, kamar mai neman gafara, cewa shi ma ya sha alewar, duk yaran layin sun sha.

Nafisa ce ta warware abu ɗaya da ya warwaru a tafiyar nan. Ta ce gwajin ba zai iya bambance wa da ƙane ba tunda ba a san 'ya'yan ko ɗaya ba. Amma ko wanne ne a cikinsu, baban Nora wansa ne, ke nan Nora da Inna 'ya'yan wa da ƙane ne, wannan ba shakka a ciki. Aka gaya wa Nora. Ta ce duk sa'o'inta sun mutu, ta ɗauka ita kaɗai ta rage. Ta tambayi sunan Inna, ta yi ta maimaita shi, Lami, Lami. Na yafa mata atamfar da na kawo, ta ƙi cirewa har muka tafi.

Kafin mu koma tasha Brendan ya biya da mu maƙabarta. Kabarin baffan da ya zauna a Birmingham yana can ƙarshe, ciyawa ta fara rufe shi. A jikin dutsen an rubuta P. J. Donnelly, sai dai Brendan ya ce mai sassaƙar ma abin da aka gaya masa ya rubuta, kuma waɗanda suka gaya masa Pat suka sani. Suka ja gefe suka bar ni. Na tsaya ban san me ake yi ba. Ba addininmu ɗaya ba, ban san ko kakana ne ko ɗan'uwan kakana ba, ban ma san ko ya taɓa taka Jos ba. Ƙarshe da Hausa na yi masa magana. Na ce idan kai ne, yarinyar ta rayu, sunanta Lami, ta yi aure ta haifi 'ya'ya ta ga jikoki, wanda ya riƙe ta bai taɓa nuna mata bambanci ba. Idan kuma ba kai ba ne, to ka ji labarin 'yar ɗan'uwanka. Yayyafi ya fara, muka tafi.

Sauran kwanakin a Manchester na yi su ne ina juya abin da zan gaya wa Inna. Nafisa ta ce in zaɓi na Birmingham kawai in ce shi ne, in ba ta labarin sannu in bar maganar Sonny, tsohuwa ce, hankalinta zai kwanta. Har cikin jirgi ina ganin haka zan yi.

Da na iso gida na tarar da ita a tsakar gida tana shan hantsi. Bayan gaisuwa aka watse aka bar mu. Na buɗe baki da niyyar in faɗi abin da muka shirya, sai na ji ina ba ta labarin yadda yake, da sunaye biyun, da hannuwan da ke aljihu, da Sonny, da alewar da kowa ya sha. Na ce, "Inna, ban samo miki sunan ba. Ko Patrick ne ko Joseph. Kuma ba wanda ya san ko ya taɓa faɗa."

Ta yi ta murza carbinta. Na jira kuka ko faɗa. Sai ta ce in sake gaya mata zancen tsohuwar. Na sake. Ta tambaya ko tana da 'ya'ya, na ce biyu, ɗaya a Kanada ɗaya a Landan. Ta tambaya wa ke kwana da ita, na ce ma'aikata ne, ana canza su. Wa ke shafa mata mai a ƙafa, wa ke zama su yi hira? Na ce Brendan yana leƙawa in ya samu sarari. Ran Inna ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a kan maganar uban. Ta ce yanzu 'yar'uwarta ce aka ajiye a gidan baƙi kamar wadda ba ta da kowa, ni kuma na je na gan ta na juyo na bar ta.

Na ce Inna ai ba a ɗauko mutum haka, akwai biza, akwai likitoci, ga sanyi ta saba da shi. Ba ta saurare ni ba. Ta ce in kira mata ita yanzu.

Sai da aka bi ta kan Nafisa, Nafisa ta bi ta kan Brendan, ranar Lahadi ya je da wayarsa. Na riƙe wa Inna tawa a gaban fuska, ko da yake ba abin da take gani sai haske. Ranar ba ta tunawa ba ce, Nora ba ta gane ni ba, ta tambayi Brendan ko daga coci ne. Na fara fassara, Inna ta ture hannuna ta ce ba ni aka kira ba. Ta matso da bakinta kusa da wayar ta ɗaga murya yadda take yi wa masu nauyin kunne.

"Nora, Lami ce. Kin ci abinci?"

Can ɓangaren Nora ta matso kusa da wayar. Sannan tsohuwar ta soma magana da Turancinta mai sauri, wani dogon labari game da wata saniya da ta shiga coci. Inna tana gyaɗa kai tana cewa ikon Allah, to, to, sai aka yi yaya. Suka yi ta yi har cajin wayata ya ƙare.